Babi na Shida: Yadda Ja Ke Kama Aisin

A cikin kalolin da ake yi wa kek ado da su, biyu ne ke ba mai gashi ciwon kai, wato baƙi da ja. Shuɗi ko kore ko ruwan ɗorawa, ɗigo biyu zuwa uku sun gama magana. Ja kuwa sai ki ɗiga ki juya, ki ga ruwan hoda. Ki ƙara, ki ga ruwan hoda mai ɗan ƙarfi. Kafin ki ankara kin juye kwalba guda, aisin ya saki, ya yi ɗaci a baki, kuma launin bai wuce na cikin gwaiba ba. Ga shi kuma ja ne aka fi nema a harkar biki. Amarya za ta turo hoton ankon ƙawayenta ta ce ja jawur take so, ko jinin kare, kada ya kauce ko kaɗan.

Abin da ya sa ja ya fita daban shi ne, ido ba ya yi masa uzuri. Shuɗi in ya yi haske, shuɗi ne dai mai haske, kowa zai karɓa. Ja in fari ya shige shi ya tashi daga ja, ya koma wani launi dabam. Aisin kuwa fari ne tun daga tushe. Saboda haka aikin da ke gabanki ba zuba kala ba ne kawai, rage farin da ke cikin kwanon ne, da ba kalar da kika zuba damar yin aikinta.

Farin nan daga wuri biyu yake zuwa. Na farko garin sukari ne, wanda a aisin ɗin bota yakan ninka botar sau biyu a nauyi. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, iska ce. An saba cewa a buga bota har sai ta yi fari ta yi laushi. To, me ya mai da ita fara? Ba a zuba mata komai ba. Ƙananan kumfan iska ne dubbai suka shige ta, kowane ɗaya yana watsa hasken da ya faɗo masa, sai ido ya ga fari. Haka farin ƙwai yake, garai-garai kamin a buga shi, fari fat bayan an buga. Wannan bugun da ke sa aisin ya yi daɗi a baki shi ne babban abokin gaban ja. Sannan ga rawayar bota, musamman margarin irin su Blue Band da Simas da aka fi amfani da su a gidajenmu. Ja in ya haɗu da rawaya sai ya karkata zuwa ruwan goro.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan duka muhimmanci. Yawancin kalolin abinci a ruwa suke narkewa, ba sa narkewa a mai. Bota kuwa kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 16 zuwa 18 ba, kuma a warwatse yake, ɗigo-ɗigo a tsakanin mai. Idan kika zuba kala, sai ta bi ta nemo wannan ɗan ruwan, ta narke a ciki, ta jiƙa ƙwayoyin sukari ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba aikin minti biyar ba ne. Shi ya sa aisin ɗin da kika bari da daddare yana ruwan hoda mai duhu, da safe za ki buɗe ki tarar ya zama ja. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san wannan hali: ana cire lalle ƙafa takan fito ruwan goro, sai ta kwana ɗaya ko biyu sannan ta nuna ta yi jawur. Ba wanda ke sake ɗaura lalle don ya ga bai kama ba a sa'ar farko. Da yawan masu cika aisin da kala har ya yi ɗaci, launin da za su samu gobe kyauta ne suke ƙoƙarin saye yau da tsada.

Yanzu sai batun wace kala za a saya. Iri uku ne a kasuwa.

Ta ruwa, mai zuwa a ƙananan kwalabe irin na Foster Clark's, ita ce ta fi araha kuma ta fi sauƙin samu. Tana da kyau ga ruwan hoda, ga alawa, ga lemo. Amma yawancin abin da ke kwalbar ruwa ne, don haka kamin ki kai ga ja kin riga kin tsinka aisin. Daga nan sai ki ƙara sukari don ya yi kauri, sukarin ya dawo da farin, ki sake ƙara kala. An shiga kewayen da ba ya ƙarewa.

Ta biyu mai kauri ce, wadda ake kira jel. Ita ce ta dace da wannan aiki, domin ƙaramin cokali ɗaya nata ya fi kwalbar ta ruwa ƙarfi. Kamfanonin da suka yi suna sun ware wani ja na musamman saboda wannan matsalar: AmeriColor na da Super Red, Sugarflair na Ingila na da Red Extra, Wilton kuma na da No-Taste Red, wanda aka yi don kauce wa ɗaci. Suna da tsada, gaskiya ne, amma in kika lissafa kwalabe nawa na ta ruwa za ki juye, da botar da za ki yi asara, za ki ga arha ce ta fi tsada.

Ta uku gari ce. Tana da ƙarfi, ba ta ƙara ruwa, sai dai a dama ta da ƙaramin cokali na ruwan ɗumi ko madara kamin a zuba, in ba haka ba za ta bar ɗigo-ɗigo masu duhu waɗanda sai bayan kin gama shafe kek za su fashe su yi zane. A nan ne kuma nake da jan kunne. Garin kalar da ake ƙullawa a leda, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu wanda zai ce ga abin da ke ciki, kada ya shiga abincin da za ki ba mutane. Akwai rini masu ja da ake kira Sudan, na masana'antu ne, na man goge takalmi da roba da makamantansu, an hana sa su a abinci saboda ana zargin suna jawo ciwon daji. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta gano ɗaya daga cikinsu a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra, an zuba ne don manjan ya ƙara ja. Wanda ya iya zuba shi a manja ba zai ji nauyin ƙulla shi a leda ya ce kalar kek ce ba.

Ga yadda ake haɗawa. A ɗauki bota giram 250 da garin sukari giram 500, abin da zai ishi kek madaidaici. Ki buga botar ta yi laushi kawai, kada ki bari ta yi fari. Ki tankaɗe babban cokali ɗaya na garin koko, wato na cakulan mara sukari, tare da sukarin, sannan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, inji yana kan mafi ƙanƙantar gudu, ko kuma ki yi da muciya. Abin da za ki samu aisin ne mai launin ƙasa-ƙasa. Kada ya ba ki tsoro, shi ake nema. Tafiya daga ruwan ƙasa zuwa ja ta fi kusa a kan tafiya daga fari, kuma ɗanɗanon kokon yana rufe ɗacin kala. Sai ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na jel, da babban cokali ɗaya ko biyu na madara, ki juya har ya haɗe.

A nan ki tsaya, ko da zuciyarki na cewa ki ƙara. In launin ya kai kamar saura mataki biyu ya zama abin da kike so, ya isa. Ki rufe da leda ta taɓa saman aisin ɗin don kada ya yi ɓawo, ki ajiye. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, kwana biyu ya fi. A lokacin hunturu ana iya barinsa a waje ya kwana a rufe. Da bazara kuwa firji ne wurinsa, sai dai a bar shi ya yi sa'a biyu ko uku a waje tukuna, domin sanyi na rage saurin narkewar kalar. Washegari ki fito da shi ya huce, ki juya da cokali kina danna shi a jikin kwano don iska ta fita. Kada ki mai da shi inji ki buga da ƙarfi, za ki kwance aikin da dare ya yi miki.

Koko ba ya dacewa da kowane ja. In ja mai haske ake so, irin na tumatir, cokali guda ya yi yawa, rabin ƙaramin cokali ya wadatar, ko ma a bar shi gaba ɗaya a fara da kala ruwan hoda sannan a bi da ja. In kuwa jinin kare ake so, a ƙara kokon zuwa cokali biyu, bayan an zuba ja a tsoma bakin tsinken sakace a baƙar kala a shafa sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Baƙi ba ya fita in ya shiga, kuma shi ma yana ƙara duhu cikin dare. Idan jan ya karkata zuwa ruwan goro saboda rawayar bota, ɗan taɓin shunayya da bakin tsinke yana dawo da shi hanya. Abin da ba za ki sa ba shi ne farar kalar nan da wasu ke zubawa don kashe rawayar bota. Sinadarin da ke cikinta aikinsa ke nan ya mai da komai fari, kuma Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci tun 2022.

To, in babu kwana biyun fa? An kira ki da safe, kek ɗin na yamma ne. Akwai dabara, zafi ne. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na aisin da kika riga kika sa wa kala, ki zuba a ƙaramin kwanon silba, ki ɗora a kan tukunyar ruwan zafi kina juyawa har ya narke ya yi sheƙi. Mai na'urar ɗumama abinci daƙiƙa 5 zuwa 10 sun ishe ta. A gaban idonki zai yi duhu, domin man ya saki, kumfan iska sun fashe, kalar ta sami ruwan da take nema. Ki juye shi cikin sauran ki gauraya, ki sa a firji kamar minti 15 ya dawo da jikinsa. In bai kai ba a sake zagaye ɗaya. Masu ƙaramin injin markaɗe na hannu, wanda ake tsomawa cikin kwano, suna samun irin wannan sakamakon cikin minti ɗaya ko biyu. Aisin ɗin zai ɗan fi nauyi a baki, amma a wajen shafe bayan kek wannan ba aibi ba ne, ya ma fi yin santsi.

Sai ɗaci. Ba kowane ja ne ke da shi ba, kuma sanin wanne ne wanne yana bayan kwalba. Wanda aka fi ɗora wa laifi shi ne wanda Amurkawa ke kira Red 3, Turai kuma E127. Ja ne mai karkata zuwa ruwan hoda, yana da sinadarin aidin a cikinsa, kuma rana na koɗar da shi da wuri. Tun 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a kayan kwalliya, bayan gwaji ya nuna yana jawo ƙari a maƙoshin ɓerayen da aka ɗura wa shi da yawa. Abin mamaki, aka bar shi a abinci har tsawon shekara 35. Sai a watan Janairun 2025 aka soke izininsa, aka ba kamfanonin abinci zuwa Janairun 2027 su sauya. Hukumar da kanta ta ce yadda yake cutar da ɓera ba haka yake a jikin mutum ba, amma dokarsu ba ta yarda a bar duk abin da ya jawo ciwon daji a jikin dabba ba. Ɗan'uwansa Red 40, wato E129, shi ne ya fi yawa a kasuwa, ya fi jure haske, ɗacinsa kuma bai kai ba. Bambancinsu ya fito fili a ƙa'idar da masana suka sa: abin da aka yarda mutum ya ci a rana na Red 40 miligiram 7 ne ga kowane kilo na nauyin jikinsa, na Red 3 kuwa miligiram 0.1. Ninki 70 ke nan.

Shi ma Red 40 ba a bar shi haka ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila sun ba yara lemon da aka haɗa da wasu kaloli shida, suka ga alamun ƙaruwar ƙiriniya da rashin natsuwa a wasunsu. Uku daga cikin shidan jajaye ne: E122, E124 da E129. Daga 2010 duk abincin da ke ɗauke da su a Tarayyar Turai dole a rubuta gargaɗi a jikinsa. Har yau masana na jayayya a kan ƙarfin wannan hujja, kuma yankan kek ɗaya a ranar suna ba zai mai da yaro wani abu ba. Amma ni a ganina wannan ƙarin dalili ne na samun ja da cokali ɗaya maimakon huɗu, tunda yara ne ke lashe aisin su bar kek.

Akwai wani ja da ya kamata mai yi wa Musulmi kek ta sani, E120, wanda akan rubuta da sunan carmine ko cochineal. Daga jikin wani ƙaramin ƙwaro ake samunsa, mai rayuwa a kan wani tsiro mai ƙaya a Meziko da Peru. Mutanen can sun daɗe suna rini da shi kamin Sifaniyawa su iso a ƙarni na 16, su kuma da suka gan shi sai ya zama hajar da ta fi kowace daraja a abin da suke kwasa zuwa Turai, in aka cire azurfa. Sai an busar da ƙwari wajen 70,000 kamin a tara abin da bai kai rabin kilo ba. Ja ne mai kyau, yana jure zafi da haske. Malamai sun saɓa a kan halaccinsa, wasu sun hana, wasu sun sauƙaƙa. Ba aikin mai kek ba ne ta yanke wannan hukunci, amma aikinta ne ta karanta bayan kwalba, ta kuma faɗa wa mai kaya abin da ta sa.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce, ba za a iya da kayanmu na gida ba? Ana iyawa, amma a san iyakar abin. Zoɓo shi ne na farko da ke zuwa a rai, kuma yana da ja na gaske, har ma Meziko, ƙasar ƙwaron can, ita ce kan gaba wajen sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta. A tafasa cikin hannu biyu a kofi ɗaya na ruwa, a tace, a ci gaba da dafawa har ya ƙone ya rage babban cokali biyu, ya huce, sannan a zuba a madadin madara. Ko a niƙa busasshensa ya yi laushi sosai a tankaɗe. Abin da zai fito ja ne mai ratsin shunayya, da ɗan tsami mai daɗi wanda ke rage zaƙin aisin. Sai dai launin zoɓo yana bin tsami ne: in akwai lemon tsami ya yi ja, in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Farin ƙwai na wannan ɓangaren, saboda haka zoɓo a aisin ɗin farin ƙwai asara ce. Bitirut da ake kawowa daga Jos shi ma ruwan hoda mai duhu yake bayarwa, kuma in ya yi yawa ƙanshin ƙasa na fitowa. Karan dafi kuwa, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, mutanen Ghana kuma ke dafa shinkafa da wake da shi, sai da kanwa yake sakin launinsa sosai, launin kuma ya fi kusa da ruwan ƙasa. A bar shi a inda ya ƙware. Wadda ke son rage kalar kanti, hanya mafi kyau ita ce ta fara da zoɓo ya kai ta rabin tafiya, ta ƙarasa da rabin cokalin jel.

Duk abin da aka faɗa a kan aisin ɗin bota ne. Kirim ɗin da ake bugawa ya kumbura rabinsa iska ne, ja mai duhu ba ya zama a cikinsa, in kika matsa masa da kala sai ya zube. A shafe kek da shi fari ko ruwan hoda, jan ya zo a furanni. Farin cakulan kuma ba ya shiri da ruwa ko ɗigo, yana taɓa shi zai dunƙule, don haka sai kala mai narkewa a mai, irin ta Colour Mill. Fondan ja kuwa, shawarata ki saye shi a haɗe. Murza fari har ya zama ja yana cin kala, yana cin ƙarfi, ƙarshe ya yi danƙo ya riƙa yagewa.

Bayan an sami launin, saura tsare shi. Bota na fara narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa watan Afrilu na haura 40. Kek ɗin da aka fito da shi daga firji kai tsaye zuwa wannan zafi zai yi gumi, gumin kuma ruwa ne, kala na binsa. Nan take ja zai gangaro kan fari. A bar shi cikin kwalinsa a rufe, a ɗaki mai fanka, ya huce a hankali, raɓar ta sauka a kan kwali maimakon kan kek. Kada a ajiye shi jikin taga ko a bayan mota inda rana ke duka. In za a haɗa ja da fari a kek ɗaya, a sa jan tukuna, ya yi sanyi ya kama jikinsa, sannan farin ya biyo.

Kuma ba dole ne duk aisin ɗin ya zama ja ba. Tsakanin kek da shafin farko a yi su da fari ko na cakulan, a sa a firji ya daskare, sannan a bi da jan a sama siriri, kaurin da zai rufe kawai. Ido ba zai gane bambanci ba, kala ta ragu da fiye da rabi, baƙi ba za su tashi da jan haƙora da jan harshe a hoto ba, farin leshin uwar amarya kuma ya tsira. Duk mai son jan kek, ki gaya mata tun ranar da ta kira cewa odar ja kwana uku take buƙata, kuma ki sa kuɗin jel a cikin lissafi.